Ƙullin Ƙasan Jaka

Mu 'yan farauta muna da wata ɗabi'a da ba mu cika faɗa a bainar jama'a ba. Tambayi ɗayanmu abin da yake shiga daji da shi, sai ya lissafa maka gora da wuƙa da barandami da karnuka, ya ƙara da garin rogo da ƙuli-ƙuli, ya ja bakinsa ya yi shiru. Gaskiya ya faɗa, sai dai bai ƙarasa ba. Can ƙasan jakar, ƙarƙashin bargo da tocila, akwai wani ɗan ƙulli da ba a ambata. Na wani kilishi ne, na wani dabino, na wani kuma 'yar kwalbar man shanu da aka toshe bakinta da leda aka ɗaure tamau. Kowa yana da nasa, kuma kowa ya san ɗan'uwansa yana da nasa.

Farautar kwana nake nufi, ba ta yini ba. Mai farautar yini ya sha koko da ƙosai ya fita, kafin isha ya dawo ya tarar da tuwonsa a rufe. Ta kwana kuwa sai an gama girbi, an kai amfanin gona rumbu, ciyawa ta bushe, hunturu ya kankama. Mota ta kwashe mu da karnukanmu, ta sauke mu inda hanya ta ƙare, sauran tafiyar a ƙafa. Daga nan duk abin da zai shiga cikinka a kafaɗarka yake. Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, jarkar lita biyar kuwa ta riga ta cinye kilo biyar kafin ka sa ko da ƙwayar gyaɗa a jaka. Shi ya sa ba a ɗaukar abu don kawai ana son sa. Sai wanda daɗinsa ya biya nauyinsa.

A kan wannan ake tafka musu a majalisarmu duk shekara, kusa da teburin mai shayi, tun saura makonni a tashi. Kawu, wanda ya fi kowa daɗewa a harkar, shi ke buɗe fage.

"Ku yaran yanzu biki kuke zuwa. Mu da muka taso, gumba ce da goran ruwa, shi ke nan. Sauran abinci daji ne zai ba ka."

"Allah ya ja kwana, Kawu," in ji wani matashi mai ɗinki a bakin layi, "amma ai Gwaggo da bakinta ta gaya mana ba ta taɓa barin ka ka fita ba sai da ɗan goran zuma."

Aka kwashe da dariya, shi ma Kawun ya dara, ya ce ai zuma magani ce, ba kwaɗayi ba. Ni kuwa a raina na ce duk ƙullin nan magani ne. Ban yarda da masu cewa ɗaukar kayan marmari ragwanci ba ne. Wanda ya kwana uku yana tauna naman da babu maiƙo, ga sanyin asuba yana ratsa ƙashi, shi ya san abin da cokali ɗaya na man shanu yake yi wa mutum.

Bari ma in fara da man shanun, don a wajena shi ne sarkin ƙullin. Wanda bai taɓa zuwa farauta ba yana zaton mu a nama muke iyo. To ko an dace an samu, naman daji ba irin na ragon layya ba ne. Zomo da makwarwa da zabon daji da gada, dukansu tsoka ce zalla, balle da rani, lokacin da su kansu dabbobin suke fama da ƙarancin abinci. Ka gasa zomo a kan garwashi babu mai, sai ka ji kamar igiya kake tauna, ka cinye shi tas amma cikinka na neman wani abu. Malamin makarantar da ke zama da mu ya taɓa warware mana dalilin. Ya ce giram ɗaya na mai yana ba jiki kalori 9, giram ɗaya na gari ko sukari ko tsokar nama kuwa bai wuce 4 ba. Ke nan a duk kayan jakarka babu abin da ya kai mai wajen ba da ƙarfi a kan nauyinsa. Tsofaffinmu ba su san lissafin ba, amma jikinsu ya gaya musu tun tuni.

Sai dai ba kowane man shanu ake tafiya da shi ba. Ɗanye, wanda aka ɗebo daga kan nono, ba ya jimawa yake canza wari. Sai an soya shi a hankali da 'yar albasa har ruwan jikinsa ya ƙone, ya yi garau, ƙamshinsa ya cika gida, sannan a tace a ɗura a kwalba. Irin wannan yana yin makonni lafiya lau. Hunturu ma taimakonmu yake yi, don sanyi na daskarar da shi, ba ya tsiyaya a jaka. Da dare sai ka kai kwalbar kusa da wuta ya narke. A shafa wa zabo yana kan garwashi, a juya, a ƙara shafawa, a barbaɗa yaji. Ko kuma a jiƙa garin rogo ya ɗan kumbura, a murmushe ƙuli-ƙuli, a yanka albasa, a zuba cokali biyu a cakuɗa. Garin da jiya ka ci don dole, yau sai ka ga hannuwa biyar sun haɗu a kwano ɗaya.

Akwai masu cewa man gyaɗa ya fi, don ya fi araha kuma ana suya da shi. Ba su yi ƙarya ba, kuma ana ɗaukar sa a matsayin kayan girki na kowa da kowa. Amma shi abinci ne, man shanu kuwa daɗi ne. Mahautan cikinmu su kakide suke zuwa da shi, wanda ya rage bayan suyar nama, kuma wallahi shi ma ba baya ba ne a cikin kwaɗon gari. Manja ne dai muka haƙura da shi. In ya ɓalle a jaka, bargo da riga da dadduma duk sun tashi daga aiki.

Bayan mai sai yaji, kuma nan ne hannun matan gida yake fitowa fili. Barkono da citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa da gishiri, da ɗan dunƙulen magi, da garin ƙuli don ya kwantar da zafin. Kayan kusan iri ɗaya ne a kowane gida, amma ɗanɗanon ba ya zama ɗaya. Akwai gidan da citta ke yi wa yawa, akwai wanda kimba ce ke fara dukan hanci. In mun zauna cin nama, mutum na iya lasar yaji ya ce, "Wannan dakan gidan Yaya ne," kuma ya canka daidai. Ba shi da nauyi, ba ya lalacewa, kuma shi ne bambanci tsakanin nama da cin nama. Duk wanda ya manta wuƙarsa za a ara masa. Wanda ya manto yaji kuwa sai an yi shekara ana tuna masa.

A gefen yajin akwai ƙullin garin kuka da daddawa biyu ko uku. Waɗannan ba kullum ake taɓa su ba. Amma ranar da aka samu makwarwa da yawa, aka sauka kusa da ruwa, sai a ɗora tukunya a tuƙa tuwon garin masara, a kaɗa miyar kuka da romon makwarwa, a kawo man shanun nan a kwarara a kai. A daren nan babu mai maganar komawa gida.

Yanzu ga wanda baƙi suka fi yi wa dariya: kilishi.

"Kai da za ka je neman nama, kuma ka tafi da nama?" Haka mai shayinmu yake tambaya duk shekara.

Amsar ita ce daji ba kasuwa ba ne. Mai nema yana tare da samu, gaskiya ne, amma ba a ce ranar da ya fita zai samu ba. Ana iya yini biyu ana tafiya karnuka ba su tayar da ko gafiya ba. Kuma kowa ya ci zomo ya ci gudu, gudun nan kuwa da abin da ke ciki ake yin sa. Kilishi an yi shi ne don irin wannan tafiyar. An fere naman fale-fale, an shanya shi ya bushe, an tsoma shi a labu na tunkuza da kayan yaji, an sake shanyawa, sannan aka nuna masa wuta. Ruwan da ke sa nama ruɓewa duk ya fita, saura ƙarfi da ɗanɗano. Mu nan Kano Agadasawa muke aikawa a sayo. Wanda kuma yake da ɗan'uwa mai zuwa Nijar, to ya yi sa'a, don kilishin can ya yi suna ba a banza ba.

Amma in za a bi ta tawa, dambun nama ya fi kilishi amfani a daji. Kilishi na jawo ƙishirwa, kuma ƙishirwa ita ce babbar abokiyar gabarmu. Ka ci shi da tsakar rana, nesa da rafi, sai ka shanye ruwan gobe a yau. Don haka kilishi na dare ne, a inda aka san akwai ruwa kusa. Dambu kuwa, in an soya shi ya soyu sosai, yana ɗauke da mansa a jikinsa, ba ya wahalar da haƙori, kuma ɗan kaɗan ake barbaɗawa a gari ya wadaci mutum uku. Dattawan da haƙoransu suka fara gajiya duk 'yan dambu ne. Abu ɗaya ya haɗa su biyun: ba a ajiye su a ƙasa. Kare mai biyayya ma in ya shaƙi kilishi cikin dare yakan manta tarbiyya. A reshe ake rataye jakar, sama sosai.

Zaƙi kuma fa? Nan kowa da gwaninsa. Dabino ne dai babu mai musu a kansa. Ba mai laushin nan da ake kawowa tsaraba daga Makka ba, wanda ke manne wa leda. Busasshen nan na Nijar, na wajen Agadas da Bilma, mai tauri, wanda za ka zuba a aljihu ka yi ta tafiya kana jefa ɗaya a baki. Guda uku da kurɓin ruwa bayan sallar asuba suna kai mutum hantsi. Sai dakuwa, da kantun riɗi, da soyayyar aya mai sukari, da tuwon madara. Dukansu ƙanana ne, ba sa cin wuri, kuma suna tayar da mutum lokacin da gwiwa ta fara sanyi da la'asar. Tururuwa ce kawai matsalarsu, shi ya sa ake sa su a gwangwani mai murfi.

Shekarar da aka samu sabon ango a cikin tawaga kuwa, to an more. Ai gara tana nan a ɗakin amarya: alkaki da nakiya da dubulan. Tun kafin a tashi ake fara yi masa sara.

"Ango, ka gaida mana amarya. Ka ce mata yayyenta na daji suna gaisuwa, kuma sun ji labarin nakiyar nan."

Nakiya kuwa tamkar don matafiya aka ƙirƙire ta. Shinkafa ce da zaƙi da kayan ƙamshi da mai, an daka an kirɓa, tana watanni ba ta yi komai ba. Curi ɗaya ya ishi mutum huɗu su ji sun ci wani abu. Ba a taɓa samun amaryar da ta hana ba, don ita ma ta san in an dawo cinyar gada tana zuwa ƙofarta.

Wani zai ce ai daji ma yana da nasa zaƙin. Yana da shi. Akwai magarya da kanya da aduwa da goriba, akwai tsamiya da za ka jiƙa ka sa sukari, akwai 'ya'yan kuka da ake damawa da madarar gari su yi kauri. Zuma ma akan dace da ita a kogon itace. Amma ba a dogara da ita, kuma amyar da ka gani rataye a bishiya tana da mai ita. Mafaraucin kirki ba ya taɓa ta. Ba ma son masu cinna wa bishiya wuta don ɗan saƙar zuma, su tafi su bar daji na ci. Wanda ke son zuma ya yi irin ta Kawu, ya taho da abarsa daga gida.

Shayi shi ne abin da ko Kawun ya daina musu a kansa. Sanyin daji a watan Janairu ba irin na cikin gari ba ne, inda katanga ke tare maka iska. A can, daga tsakar dare zuwa asuba, wuta na gabanka amma bayanka na daskarewa. 'Yar buta da ganyen shayi da sukari da citta ba su kai nauyin takalmi ba. Akwai masu yin sa irin na Buzaye, a dafa a kan garwashi, a yi ta ɗagawa ana zubawa har ya yi kumfa, a sha zagaye uku, na farko da ɗaci, na ƙarshe da zaƙi. Akwai kuma 'yan Lipton da madara. Madarar gari ta leda ita ce ta kullum, don ba nauyi. Amma kusan ko yaushe sai ka samu wani ya ɓoye gwangwanin Peak guda ɗaya tak. Yana da nauyi, kuma in an huda shi dole a shanye a daren, amma ban taɓa jin wanda ya ce bai cancanci ɗauka ba. In kuma da cuku, wannan busasshen na Nijar mai faɗi, sai a ɗan gasa shi a tsoma a shayin.

Goro na dattawa ne, kuma wahalarsa ta fi ta kowa, don iskar hunturu na busar da shi cikin yini guda. Sai an naɗe shi a tsumma mai danshi ana yayyafa masa ruwa. Mutumin da ke ƙirga kurɓin ruwansa amma ya ware wa goro nasa kason, ka san ba ƙaramin so ba ne.

Abubuwan da muka gwada muka bari ba su buƙatar dogon bayani. Burodi kwana biyu ya bushe ya farfashe. Lemon kwalba nauyi ne kawai. Fura da dafaffen ƙwai da gurasa na ranar farko ne. Nono ba ya jure tafiya. Indomie ce har yau ba a yanke hukunci a kanta ba: samari sun ce minti kaɗan ta dahu, dattawa sun ce tana shan ruwa kuma ba ta riƙe ciki, ana gamawa yunwa ta dawo. Kifin gwangwani kuwa ya samu shiga, saboda man da ke cikinsa.

Nan zan tsaya in yi magana da babbar murya. Gwangwani da leda da ka shiga da su daji, ka fito da su. Bakin gwangwani na yanka ƙafar kare, kuma leda in saniya ta haɗiye tana cushe mata tumbi har ta rame ta mutu. Makiyayin da ya rasa saniya saboda ledar da muka yar ba zai yi murnar ganin mu baɗi ba. Mu kuwa muna buƙatar sa. Rabin amfanin sukari da ganyen shayi da goro ba ma a bakinmu yake ba. In mun iso ruga muka yi sallama, ɗan ƙullin sukari da shayi ne ke buɗe hira. Su ba mu nono mai sanyi, wanda ba za mu iya ɗaukowa daga gida ba, su gaya mana inda ruwa yake da inda bai kamata mu bi ba. Haka in mun je gaida mai unguwa ko dagacin ƙauyen da za mu shiga dajinsa, ba a zuwa hannu rabbana. Goro ne a gaba.

Labarin hanya kuwa yanzu ya fi da tsada. Dazukan da iyayenmu suka sha ambata, irin su Rugu a Katsina da Kamuku a Birnin Gwari, 'yan bindiga sun hana shiga. Yankari tun 1956 aka keɓe shi, kuma Falgore da Lame-Burra su ma gandun gwamnati ne, akwai ma'aikata, ba wurin farauta ba ne. Sauran dajin gonaki na cinye shi shekara bayan shekara. Tafiya ta ƙara nisa, nama ya ragu. Lokacin da Kawu yake cewa daji zai ciyar da kai, da gaskiyarsa, dajin wancan lokacin yana iyawa. Na yanzu sai ka taimaka masa.

Ga kuma abin da ya sa nake kare ƙullin nan da zuciya ɗaya. Ba ranar da aka yi sa'a aka fi buƙatar sa ba. Ranar samu kowa bakinsa har kunne, ko gari da gishiri aka ci ya wadatar. Ana buɗe shi gaba ɗaya ne ranar da aka yini babu komai, ƙafa ta kumbura, wani ya ce karensa ne ya fara kama zomon ɗaya tilo da aka samu, wani ya ce nasa ne, murya ta fara tashi. Duk wanda ya san farauta ya san rigimar nama ba wasa ba ce, ga gora ga wuƙa a hannun kowa. A irin wannan daren babba a cikinmu ba ya dogon wa'azi. Jakarsa yake jawowa, ya zura hannu har ƙasa, ya fito da abin da ya ɓoye, ya miƙa wa ƙaramin cikinmu ya ce, "Ɗan autanmu, raba wa yayyenka." Da ya buɗe nasa, kunya ba ta barin kowa ya bar nasa a rufe. Sai ga dabino, sai ga dambu, sai ga Peak ɗin nan ta fito. Kafin shayi ya tafasa, masu faɗan nan biyu suna miƙa wa juna kofi. Cin ƙullinka kai kaɗai a bayan bishiya kuwa, wannan abin kunya ne da ke bin mutum har gida, har majalisa.

Karnuka ma ba a manta da su. Busasshen ƙanzo ake tara musu tun a gida, a jiƙa da ruwan ɗumi, ranar da suka wahala sosai a ɗan sa musu kakide. Su ne suka yi gudun, ai.

In an dawo da naman banda ana rabo, akwai kason da ba a musu a kansa. Kafin na maƙwabta, kafin na sayarwa, ana cire na wadda ta soya man shanu ta daka yaji. A gidanmu Inna ce, kuma ba ta karɓar zomo. Zabo take so, guda biyu, kuma sai ta duba ta ga ko an dawo mata da kwalbarta da murfinta.